Auren Itace: Gyara Ne ko Canza Halittar Allah?

Auren itace shi ne a yanko reshe daga bishiyar da aka san kyawun 'ya'yanta, a ɗora shi a kan tushen wata bishiya 'yar'uwarta, a ɗaure su har su haɗe su zama jiki ɗaya. Tushen ne ke jawo ruwa da abinci daga ƙasa, reshen kuma shi ke yin ganye da fure da 'ya'ya. Ta haka ake samun mangwaro mai aure da lemo mai aure da fiya da tuffa, irin waɗanda ake gani a lambuna da tsakar gidajen Jos, daga Rikkos zuwa Lamingo har can Vom da Kuru. Aikin bai wuce wuƙa mai kaifi da leda da haƙuri ba, amma tambayar da yake tayarwa ta fi ƙarfin lambu. Mutumin da ya datse bishiya ya sa ta haifi abin da shi yake so, gyara ya yi, ko kuwa ya sa hannu a halittar Allah?

Dalilin auren itace

Babu bishiyar da ta kai gyaɗar ƙamshi bayyana dalilin wannan aiki. Ita ce ƙwallon nan da ake gogawa a cincin da fanke da kek, wadda yawanci daga ƙetare ake shigo da ita. Daban take da ta kurmin Kudu da ake daka wa farfesu. Asalinta tsibiran Banda ne a gabashin Indonesiya, kuma fataken Larabawa sun daɗe suna kai ta kasuwannin duniya kafin Turawa su san inda take fitowa. A 1621 kamfanin cinikin Holand ya ci Banda da yaƙi, ya hallaka mafi yawan mutanenta don ya kame cinikin shi kaɗai. A 1770 wani Bafaranshe mai suna Pierre Poivre ya sa aka fitar da dashenta a ɓoye zuwa tsibirin Morishus, daga nan ta yi ta bazuwa har ta isa Girenada a 1843. Yau Indonesiya da Indiya da Siri Lanka da Girenada suna cikin masu nomanta, kuma galibin gonakin na ƙananan manoma ne. Tana son zafi da laima da ruwan sama mai yawa, shi ya sa tudun Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200 da busasshen sanyin hunturu, bai karɓe ta ba.

Wahalar nomanta ita ce tana da mace da namiji, kamar dabino da giginya da gwanda. Manomin da ya shuka ƙwallo 100 yana iya samun kusan rabi maza, kuma ba shi da alamar gane su sai sun yi fure, bayan shekara 6 zuwa 8. Namiji ɗaya ya ishi mata goma ko fiye barbara. Sauran mazan sun ci taki, sun sha ruwa, sun tare fili shekara da shekaru, ga shi babu abin tsinka. Matan ma ba su zama ɗaya ba ko da uwarsu ɗaya: wata ta yi 'ya'ya manya jingim, wata ta yi 'yan ƙanana tsilli-tsilli. Mai babbar gona zai sare waɗanda ba su yi ba ya haɗiye asarar. Mai rabin kadada, wanda cin gidansa ke rataye a wuyan bishiyoyi 40 ko 50, wannan asara tana iya durƙusar da shi.

Manoman jihar Kerala ta Indiya sun fita daga wannan caca ta hanyar zaɓe da aure. Sukan sa wa bishiya ido shekaru, su duba yawan 'ya'yanta, da nauyin ƙwallon, da kaurin jan zaren da ke lulluɓe da shi, wanda shi ma kayan ƙamshi ne mai tsada, da ko tana haihuwa kowace shekara ba fashi. Wadda ta cika waɗannan sharuɗɗa ita ce uwa. Cibiyar binciken kayan ƙamshi da ke Kozhikode ta fitar da irinsu Viswashree da Keralashree, na biyun ma daga gonar wani manomi aka samo shi. Sai a sami tsiron ƙwallo ɗan wata guda ko ƙasa da haka, a datse kansa, a tsaga shi, a fiƙe gindin reshen uwa ta gefe biyu, a soka a tsagar, a ɗaure da leda, a ajiye a inuwa mai laima har ya kama. Reshen da ke miƙewa sama shi ke ba da bishiya tsayayya. Na gefe yakan ba da gajeriya mai baje rassa. Ko tsohon namiji ana iya datse shi a ɗora masa reshen mace ya koma mai 'ya'ya. Dashen da aka yi wa aure an san mace ce tun ranar farko, kuma takan fara haihuwa cikin shekara 3 zuwa 5.

Lissafin bai canza ba a Jos, bishiyoyin ne kawai suka bambanta. Ƙwallon mangwaro Peter ko Julie ba ya maimaita uwarsa, haka na fiya, haka irin tuffa. Don haka akan shuka ƙwallon mangwaron gida mai zare, wanda ya saba da ƙasar ya kuma jure fari, a ɗora masa reshen mai nama da zaƙi. Ana koyar da irin wannan aiki a makarantu kamar Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos, kuma cibiyar binciken 'ya'yan itace da kayan lambu ta ƙasa, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano. A unguwa mai cunkoso irin Rikkos, inda tsakar gida ba ta ɗaukar fiye da bishiya ɗaya ko biyu, mai gida ba shi da filin gwaji. Bishiyar da ya dasa ita ce za ta ciyar da jikokinsa ko ta tare musu wuri a banza.

Hujjar masu shakka

Mai shakkar wannan aiki ba jahilci ke damunsa ba, tsoron Allah ne, kuma ya cancanci a amsa masa da hujja. Abin da ya fi riƙewa shi ne aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda aka ba da labarin alwashin da Shaiɗan ya sha na ɓatar da mutane, ya umarce su su tsattsaga kunnuwan dabbobi, ya kuma umarce su su canza halittar Allah. A ganinsa, bishiyar da Allah ya yi namiji aka mayar da ita mace, ko mangwaro mai zare da aka sa ya haifi marar zare, ai canji ne ƙarara. Hujjarsa ta biyu ta shafi ƙaddara: wanda ya shuka ya karɓi abin da ya fito ya nuna yarda da rabonsa, wanda kuwa ya ce sai abin da ya zaɓa, kamar yana gardama ne da hukuncin Ubangiji.

Malaman tafsiri sun yi bayani a kan ayar tun ƙarnin farko. Imam Ɗabari ya kawo fassarori: wasu magabata sun ce dandaƙar dabbobi ake nufi, wasu sun ce zanen jiki da makamantansa, wasu kuma, cikinsu har da Mujahid, sun ce canza addinin Allah ne da fiɗirar da ya halicci mutane a kanta. Wannan na ƙarshe shi Ɗabari ya rinjayar. Tsaga kunnen da ayar ta ambata al'ada ce ta Larabawan jahiliyya, waɗanda ke yi wa raƙuma alama su keɓe su ga gumaka, su haramta wa kansu abin da Allah ya halatta. Laifin yana cikin shirkar da ƙaryar da aka jingina wa Allah. Ko a kan dandaƙa, Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban zaure ke karantawa a duk ƙasar Hausa, ta halatta yi wa tumaki da awaki saboda naman ya gyaru, ta kawo hani a kan dawaki. Ibn Ashur, malamin Tunusiya da ya rasu a 1973, ya nuna a tafsirinsa cewa taɓa halitta don wata maslaha da shari'a ta yarda da ita, kamar kaciya da yanke farce, bai shiga cikin abin da aka zarga ba. Idan an yarda a taɓa dabba mai jin zafi don naman ya yi kyau, itace ya fi cancantar wannan rangwame.

Abin da ke faruwa a wurin ɗaurin

Wanda ya duba aikin da kyau zai ga cewa babu halittar da ta canza. A ƙarƙashin ɓawon kowane reshe akwai wata siririyar fata ɗanya, daga ita itace ke ƙara kauri, da ita kuma yake warkar da rauni. Aikin mai aure shi ne ya sa wannan fata ta reshe ta haɗu da ta tushe, ya hana iska da ruwa shiga. Daga nan hannunsa ya fita. Itacen ne ke toho ya cike tsagar, ya haɗa hanyoyin ruwa na sama da na ƙasa, da ikon da aka halicce shi da shi. Bayan sun haɗe, kowa yana nan a kan asalinsa. Reshen Julie yana haifar Julie, tushen kuwa in ya yi toho a ƙasan ɗaurin, mangwaron gida mai zare zai fito. Namijin gyaɗar ƙamshi da aka ɗora wa reshen mace bai zama mace ba; ya zama mai ɗauke da ita ne, yana shayar da ita.

Aikin yana da iyakar da manomi bai isa ya tsallake ba. Lemon zaƙi yana kamawa a kan lemon tsami domin dangi ne, gyaɗar ƙamshi tana kamawa a kan 'yan'uwanta na daji, amma reshen mangwaro ba zai taɓa kama tushen lemo ba ko da gwanin duniya ne ya ɗaura. Ƙofar da aka buɗe ita ake shiga, wadda aka rufe kuwa ba ta buɗuwa da wayo.

Mai aure kuma ba ya ƙirƙiro sabon iri. Fiyar da ta fi kowace kasuwa a duniya, wadda ake kira Hass, ta fito ne daga tsiron ƙwallo guda da wani ma'aikacin gidan waya, Rudolph Hass, ya dasa a Kalifoniya ta Amurka a 1926. Ya yi ƙoƙarin ɗora masa reshen wani iri bai kama ba, ya bar shi, sai ga 'ya'yan da suka fi waɗanda yake nema. Ya yi wa irin rajista a 1935, uwar bishiyar ta mutu a 2002, amma miliyoyin bishiyoyin Hass da ke duniya duk rassanta ne da aka yi ta ɗorawa. Kyautar daga ƙwallo ta zo, ba da shirin kowa ba. Rabon ɗan Adam a ciki shi ne ya gane ta, ya adana ta, ya raba wa wasu. Aya ta 4 a Suratur Ra'adi ta ja hankali ga gonakin da ke maƙwabtaka, ana shayar da su ruwa ɗaya amma ɗanɗanon 'ya'yansu ya fifici juna, ta ce a nan akwai ayoyi ga masu hankali. Bishiyar da aka ɗora wa iri biyu, saiwa ɗaya, ruwa ɗaya, kowane reshe da nasa ɗanɗano, tana nuna wannan aya a tsakar gida.

Barbarar dabino a Madina

Mas'alar da ta fi kusa da wannan ta faru a gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Imam Muslim ya ruwaito ta hanyoyi da dama, daga Ɗalha bin Ubaidillah da Rafi'u bin Khadij da Nana A'isha da Anas, cewa ya tarar da mutanen Madina suna ɗaukar furen namijin dabino suna sa wa mace. Ya nuna yana ganin ko sun bari ma zai yi. Suka bari, dabinon shekarar ya fito ba kyau. Da aka gaya masa, sai ya bayyana cewa abin da ya faɗa zato ne, su ci gaba da aikinsu in yana amfanarsu, su ne suka fi sanin sha'anin duniyarsu, amma abin da ya zo musu da shi daga Allah wajibi ne su riƙe. Shari'a ma ta gina hukunci a kan wannan aiki: a hadisin Ibn Umar da ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, wanda ya sayar da dabinon da aka riga aka yi wa barbara, 'ya'yan na mai sayarwa ne sai in mai saye ya shardanta. Manoman dabino a Dutse da ƙasar Agadas har yau da hannu suke yin wannan barbara.

Daga nan amsar hujja ta biyu ta fito. Barin sababi ba shi ne tawakkali ba. A hadisin Tirmizi, mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, an umarce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Ƙa'idar malamai ita ce ibada ba a yinta sai da dalili, al'amuran rayuwa kuwa halal ne sai dalili ya hana. Mai aure ya ɗaura reshe goma, bakwai su kama, uku su bushe, bai san wanne zai rayu ba. Wanda ya kama ma ƙanƙarar damina tana iya kakkaɓe furensa. Ƙaddara tana nan daram bayan an gama duk dabara.

Musulmin farko sun fahimci haka. Ibn Bassal ya kula da lambun sarkin Ɗulaiɗila a Andalus a ƙarni na 11, Ibn al-Awwam na Ishbiliya kuma ya ware babi guda a kan auren itatuwa a littafinsa na noma a ƙarni na 12. Ibn Khaldun ya ambata a Muƙaddima cewa Musulmi sun sami ilimin noma na mutanen da cakuɗe da sihiri da bautar taurari, suka ɗauki noman suka yar da sihirin. Wannan shi ne ma'aunin: dabara ta halatta, camfin da ake liƙa mata ne abin gudu. Sauran addinai ma sun tsaya a kan batun. Malaman Yahudawa, bisa hanin haɗa iri biyu da ke Littafin Firistoci 19:19, sun hana aure tsakanin itatuwan da jinsinsu ya bambanta, sun bar na jinsi ɗaya. Kiristocin Jos kuwa sun san misalin zaitun a sura ta 11 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, inda aka kwatanta shigar al'ummai cikin imani da reshen da aka ɗora a tushen da ba nasa ba, aka kuma gargaɗi reshen kada ya yi wa saiwar da ke ɗauke da shi fahariya.

Inda nauyin addini yake

Halaccin aikin bai rufe magana ba, domin wurin da aka fi samun zunubi a wannan sana'a shi ne ciniki. Dashe a baƙar leda duk kamarsu ɗaya. Mai saye ba ya iya bambance Peter da ɗan zare ta ganye, maganar mai sayarwa kawai yake saye. Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, amma a nan sai an yi shekara 4 ko 5 kafin a kai ƙarshensa, lokacin an riga an sha wahalar ban ruwa, mai dashen kuma wataƙila ya bar gari. Wanda ya naɗa leda a jikin tsiron ƙwallo ya sayar da sunan mai aure, ko ya kira iri da sunan da ba nasa ba, ya ci kuɗin mutum ya kuma ci shekarunsa. Hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim, na mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, ya fitar da mai algus daga sahun masu bin tafarkin Annabi. A fiƙihun Malikiyya, abin da aka sayar bisa siffa in ya saɓa wa siffar, mai saye yana da haƙƙin mayarwa. Bishiya 'yar shekara 5 ba ta mayuwa, don haka nauyin ya koma kan mai sayarwa tun farko: ya san uwar da ya yanko reshe a jikinta, ya tabbatar ba ta da cuta, ya tsabtace wuƙarsa, ya rubuta sunan iri a jikin kowane dashe, in bai sani ba ya ce bai sani ba.

Reshe ma dukiya ne. Bai halatta a tsallaka katangar mutum a yanko ba da izininsa ba, ko da ɗan tsinke ne. Shi kuma mai bishiya ta gari bai kamata ya yi rowa ba, domin reshen da ya bayar ba ya rage masa komai. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Musulmin da ya dasa ko ya shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Reshe ɗaya da aka bai wa maƙwabci yana iya zama bishiyoyi ɗari a gidajen da mai bayarwa bai taɓa takawa ba. Rikkos kuma, unguwar da ta ga ambaliyar ruwa a watan Yulin 2012, ta san darajar saiwar da ke riƙe ƙasar bakin rafi.

Akwai kuma amanar iri. Bishiyoyin da suka fito daga uwa ɗaya ƙarfinsu ɗaya ne, rauninsu ma ɗaya. A shekarun 1930 da 1940 cutar tiristeza ta kashe miliyoyin bishiyoyin lemo a Ajantina da Burazil, saboda kusan duka a kan tushe iri ɗaya aka ɗora su. Manomin gyaɗar ƙamshi da ya datse mazansa duka zai wayi gari da mata babu barbara. Garin da ya sare mangwaronsa na gida kaf don kwaɗayin mai aure zai rasa tushen da zai ɗora wa, ya kuma toshe hanyar da sabon iri ke fitowa. Ɓarna a bayan ƙasa, wadda Alƙur'ani ya yi ta hani a kanta, ta fi kusa da wannan ganganci fiye da wuƙar mai aure.

Hukuncin da hujjojin suka kai gare shi a fili yake. Zaɓen iri da auren itace halal ne, riƙo ne da sababin da Allah ya sanya a cikin halittarsa, kuma da kyakkyawar niyya yana zama sadaka mai gudana. Abin da ke haramta shi ƙarya ce a ciniki, da ɗaukar abin wani ba izini, da ɓarnar da ke ƙarar da iri. Mai tsakar gida a Rikkos ya dasa mai aure da kwanciyar hankali, ya sayi dashensa a hannun wanda ya san amanarsa, ya riƙa cire tohon da ke fitowa ƙasan ɗauri, in bishiyar ta yi kyau kuma ya bai wa maƙwabcinsa reshe.